Aminin Baba Bai Zo Makoki Ba

Ina bakin aiki a asibitinmu na Largo, nan Amirka, ranar Asabar da hantsi mijina ya kira ni. Bai gaishe ni ba. Cewa ya yi, "Baba ya faɗi a kasuwa," sai ya yi shiru, numfashinsa kawai nake ji. Na daɗe ina aikin jinya, na san irin wannan shirun, na kuma san abin da yake biyo bayansa. Duk da haka sai da na tambaye shi wane asibiti aka kai shi, kamar tambayar za ta canja wani abu.

Baba mahaifin mijina ne. Ba'indiye ne haifaffen Kano, a Fagge ya tashi, a Kantin Kwari ya yi furfura yana sayar da yadi. Da matarsa ta rasu muka ɗauko shi ya dawo wurinmu a Beltsville. Ya haura tamanin, amma da safen nan shi ya ɗaura wa kansa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa yana yi mini tsiya wai shayina ruwan wanke kofi ne. Mutumin da ya yi maka wannan tsiyar da ƙarfe bakwai ba ka tsammanin a ce maka babu shi kafin sha ɗaya.

A hannun amininsa ya cika. Alhaji muke ce masa, dattijo ne mutumin Maraɗi, yana kasa shadda da atamfa a wata kasuwa da take ci duk Asabar a filin ajiye motoci. Shekara goma sha biyu Baba bai fasa zuwa ya zauna masa a rumfa ba. Suna ninke wata shadda ne, kowa ya kama gefe, Baba ya ce, "Riƙe mini nan," ya zauna a kujera, ya jingina. Alhaji ya tallafe kansa, ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada a kunne har motar asibiti ta iso.

Da la'asar gidanmu ya fara cika. Sai ga Alhaji da mutane sun fi goma a bayansa, direbobi da 'yan kasuwa, yawancinsu mutanen Nijar. Idanunsa sun yi ja. Yana rungume da farin yadi, sabo dal, daga cikin kayansa ya yanko. Ya durƙusa gaban mijina ya ce, "Ɗana, kar ka wahal da kanka da komi. Mun yi magana da maƙabarta, mun samu wuri. Da mutanen lopital, asibitin nan, sun sake muna shi, ni zan yi mishi wanka da hannuna."

Na dubi mijina, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Alhaji, Baba ba Musulmi ba ne. Addinin Hindu yake bi, shi ne na iyayensa. Ƙona shi za a yi. Shi ya ce a yi masa haka."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ɗauka zafin mutuwa ne ya taɓa mijina. Wani ya sake yin salati, amma ba irin wanda ya yi da shigowarsa ba. Mukullin motar wani ya faɗi a kan tayil, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Alhaji ya ce, "Mi ka ce?" Mijina ya maimaita. Alhaji ya juyo gare ni, ni da ya san Kirista ce tun ranar da ya fara ganina, kamar ni ce zan ƙaryata. Na sunkuyar da kai.

"Ni da na sa mishi kalma a kunne," ya ce a hankali. Ya miƙe da yadinsa a ƙirji, ya fita yana taka bayan takalminsa. Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa wani direba ya ce wa na kusa da shi, "Ashe shekara da shekaru munahuntarmu ake." Bai san na ji ba. Na ji, kuma kafin gari ya waye kalmar ta zaga wayoyin mutane.

Ba su kaɗai suka girgiza ba, kada in yi musu rashin adalci. Mahaifiyata da na kira ta a Kaduna cewa ta yi, "Ƙonawa? Yesu. Kina tsaye kina kallo?" Matan cocinmu sun zo da kulolin shinkafa, Allah ya saka musu, amma ina shiga kicin sai maganar ta ɗauke. Tsofaffin Indiyawa biyu da suka zo daga wurin bautarsu su kuma mamakinsu daban: ina wannan tsoho ya samo taron baƙaƙen mutane masu kawo masa likkafani? Kowa da abin da ya ɗaure masa kai a kan mutum ɗaya.

Mijina ya janye kujerun falo ya shimfiɗa darduma daga bango zuwa bango, yadda ake yi a Fagge, don mazan da za su zo zaman makoki. A Kano aka haife shi shi ma, bai san wata hanyar karɓar gaisuwa ba. Ba wanda ya zo ya zauna. Duk lokacin da ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara sai ya ɗaga kai, in ya ga ba su ba ne ya mayar. Mutanen da Baba ya ɗauka su ne nasa a ƙasar nan sun tafi da sunansa a bakinsu a matsayin munafuki, kuma wannan ya fi mutuwar ci mini rai. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ina so a san wane ne shi, har da inda ya yi kuskure.

Abu na farko da kowa zai tuna da shi yatsunsa ne. Ba ya iya gaisawa da mutum bai murza masa hannun riga ba. Ranar da aka kai ni gaishe shi kafin aurenmu na ci ado da wani leshi da na yi wata uku ina tara kuɗinsa. Na durƙusa, ya amsa, ya kama bakin gyalena ya murza tsakanin yatsa biyu, ya ce wa ɗansa da Hausar da ta fi tawa, "Yarinyar tana da kirki, amma an cuce ta a kasuwa." Na koma gida ina huci, na ce ba zan auri ɗan wannan tsohon ba. Wanki biyu leshin ya yi ya koɗe.

Da na haifi 'yarmu ta fari, mahaifiyata ba ta samu biza ba. Na kwanta a gidan nan cikin sanyin hunturu ina kuka, ba uwa ba inna. A rana ta uku na ji an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina, aka kuma ja da baya. Na buɗe, sai ga kwano a ƙasa an rufe da faifai. Kunun kanwa ne. Baba ya kira wata tsohuwar maƙwabciyarsu a Fagge ta karanta masa yadda ake damawa, ya sa an zaga da shi kantunan 'yan Afirka har ya samo gero da kanwa. Na farkon gudaji ne zalla, kanwar kuma ta yi yawa har tana ɗaci. Na shanye. Kwana arba'in yana ajiye kwanon nan a bakin ƙofa, bai taɓa bari mun haɗa ido ba, wai kunyar suruka. In na yi masa godiya a falo sai ya ce bai san zancen ba, wataƙila aljanun gidan ne.

Labarin kakanninsa kuwa a teburin cin abinci yake ba da shi, kuma ba ya bayarwa sai ya kwashe mini kayan teburin. Gwangwanin gishiri shi ne garinsu a ƙasar Sindi. Barkono Bukhara. Kofin shayi Maskat, cokali kuma wani gari can bakin kogin Rasha da ban taɓa iya riƙe sunansa ba. Ya ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutanensu suna fita fatauci, wasu da raƙuma ta cikin duwatsu, wasu a jirgin ruwa mai filafilai. Masu bi ta ruwa, iska suke jira. Rabin shekara tana kaɗawa ta kai su, rabin shekara ta juyo ta dawo da su, wanda ya makara kuwa sai ya zauna a garin mutane har ta sake juyowa. Yadi suke ɗauka da shuni da kayan yaji. Matansu suna gida, su suna can shekara uku, shekara biyar, a masauki guda mai ƙofa ɗaya.

Na ce masa, "Baba, ai wannan fataken Gwanja ne."

Ya ce, "Su ne mana. Goro ne kawai ba mu ɗauka ba."

Abin da ya fi maimaitawa shi ne ba su da soja, ba su da sarkin da zai biyo bayansu in an taɓa su. Yawancin garuruwan da suke sauka na Musulmi ne, abin da yake tsare su sunansu ne da haƙurin mai masauki. Don haka uba yake koya wa ɗa tun kafin ya koya masa awon yadi: ka iya harshen mai gari har ya manta kai baƙo ne, kada ka yi gardamar addini da shi, kada ka tauna komai a gabansa yana azumi, abin bautarka kuma ka bar shi a ƙuryar ɗaki. In ɗayansu ya mutu sai sun nemi izinin mai gari kafin su fita da shi bayan gari su ƙona, a kuma adana tokar har a samu mai komawa gida. Da aka raba ƙasarsu biyu garin nasu ya faɗa ɗaya ɓangaren, mahaifin Baba yana Kano lokacin, bai sake komawa ba. Baba yakan ce, "Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu namu gidan ne ya tashi ya bar mu." Yana faɗa yana dariya, yana mayar mini da gishirina.

Wannan tarbiyyar ya zo da ita Amirka, ita ce kuma ta jawo abin da ya faru. A Kano kowa ya san shi, an san gidansu, an san ba sa salla, ba wanda ya damu. A nan kuwa mutanen Alhaji sun ga farin tsoho da kaftani da hula zanna, yana zuba Hausa, bakinsa ba ya rabuwa da "in Allah ya yarda" da "alhamdu lillahi", sai suka ɗauke shi irin Larabawan nan na Kano. In lokacin salla ya yi yakan ce, "Ku je, ina gadin kaya," su kuma suka yanke cewa gwiwoyinsa ne, a gida yake ramawa a zaune. Da azumi ko ruwa ba ya sha a rumfa. Naman shanu ne ba ya ci, suka ce tsufa ne. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai faɗa ba. A cikin kabad ɗin ɗakinsa akwai wata 'yar fitilar tagulla da ya gada, kullum da safe yana kunna ta ya rufo ƙofa.

Shekara uku da suka wuce na gano. Na je ɗaukarsa a kasuwa cikin azumi, Alhaji ya ja ni gefe ya ce in riƙa lallaɓa tsohon, azumin nan ya yi masa nauyi, Allah ma ya yi wa irinsu rangwame. Na yi murmushi na ce to. A mota na kasa haƙuri. Ni mutuniyar Kaduna ce, na san abin da irin wannan rufa-rufar take haifarwa, kuma bakina ba ya da linzami.

Na ce, "Baba, Alhaji yana zaton kai Musulmi ne."

Ya ce, "Ban taɓa gaya masa haka ba."

"Ba ka kuma gaya masa akasin haka ba. Shiru ma magana ce."

Ya fara kawo mini kakanninsa, wai ba su taɓa yi wa mai masauki ƙarya ba, ba su kuma ɗora masa nauyin da bai tambaya ba. Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kakanninsa kowa ya san ko su wane ne, a masaukinsu daban suke, shi kuwa kwano ɗaya yake ci da mutumin. Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba." Ya juya yana kallon taga har muka iso gida. Kwana uku bai ci abincina ba, burodi yake ci da shayin da ya dafa da kansa, yana wanke kofin da ƙarfi don in ji.

A rana ta huɗu ya same ni ina yanka albasa. Ya tsaya daga bakin kicin ya ce, "A Kano shekara arba'in na yi kafin a daina ganin fatata. Yanzu ba ni da arba'in. In na faɗa masa ya tashi fa? Da wa zan yi Hausa?"

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Ke suruka ce. Ba a hira da suruka."

Muka yi dariya, ya ce zai gaya masa bayan Salla. Sallar ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ni ma ban sake tayar da zancen ba, don na ga tsoro a idon tsohon da ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba, na kuma ji tausayinsa. In akwai laifi a shirun nan, ina da kaso a ciki. Amma munafuki yana neman wani abu ne a wurin wanda yake yaudara. Baba ba abin da ya nema a rumfar nan sai kujerar roba da wanda zai ce masa "ina gajiya".

Ranar Talata aka ƙona shi. Na wanke gawa ba adadi a wurin aiki, amma ban taɓa tsayawa a irin wannan ɗakin ba. Aka yi addu'o'i da harshen da ba na ji, aka zuba furanni, mijina a matsayinsa na babban ɗa ya danna maɓallin injin ƙonawar da hannunsa. Bai yi kuka ba. Da muka fito ya tsaya yana duba filin ajiye motoci layi-layi, na san motar wa yake nema. Ba ta nan.

Laraba, Alhamis, darduma tana shimfiɗe. Na ce wa mijina mu naɗe ta mu mayar da kujeru, ya ce a bar ta ta cika bakwai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka danna ƙararrawa. Na buɗe, Alhaji ne shi kaɗai. Ya rame a kwana shidan nan har hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya shigo, ya girgiza kai. Na ce bari in kira mijina, ya ce a'a, wurina ya zo.

"Ɗiyata, ke ma'aikaciyar lopital ce, kin san jikin mutum. Ina son ki hwaɗa mini gaskiya, kar ki lallashe ni." Ya kama ƙarfen matakala. "Da aka sa shi ciki, ya ji zahi?"

Na zaci faɗa ya zo yi, na ma shirya amsoshina tun ranar Asabar, masu zafi. Duk suka zube. Na ce, "Baba Alhaji, bai ji komai ba. Tun yana hannunka ya daina jin komai. Abu na ƙarshe da ya ji a duniya muryarka ce."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Aikina ne."

Sai ya zauna a kan matakalar, dattijo mai jikoki, ya rufe fuska da hannun riga. Na tsaya a kansa ban san abin da zan yi ba. Da ya samu kansa ya ce, "Na yi hushi, ba ni musu. Kwana biyu na yi ina hushi. Sauran kwanakin wuta kawai nike gani, in na ruhe ido in ga tsohon nan cikinta. Da ya hwaɗa mini, mi zan yi mishi? Iyaka in dame shi da wa'azi kullum Asabar, shi ko ya dame ni da gardama." Ya share ido. "Akwai addu'ar da ba ni iya yi mishi. Na tambayi malam, ya ce a'a, kuma ba ni tsallake maganar malam. Amma na ce mishi, gaisuwa fa? Ya ce wa ya hana ka gaisuwa."

Ya miƙe, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefen ƙofa. Sa'an nan ya juya ya ɗaga hannu wajen titi. Ashe motoci uku suna can a fake tun ɗazu. Ƙofofi suka buɗe, suka fito ɗaya bayan ɗaya da fararen kayan Juma'a. Direban da ya yi maganar munafuncin nan shi ne na ƙarshe, kansa a ƙasa, ya wuce ni bai iya duban fuskata ba. Na matsa masa hanya.

Mijina yana zaune shi kaɗai a tsakiyar darduma. Da ya gan su ya yunƙura zai tashi, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi, ya zauna a gabansa gwiwa da gwiwa. Sauran suka zazzauna har bakin kicin.

Alhaji ya ce, "Ɗana, ya haƙuri?"

Mijina ya buɗe baki zai ce da godiya, maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, kafaɗunsa suka fara rawa.

Alhaji ya ce, "Bari, ba sauri muke ba. Zama munka zo yi."